Mu da waliyyai a addu'ar dare

Sau da dama abokan aikina Musulmi kan tambaye ni: shin gaskiya ne ku Katolika kuna bauta wa waliyyai? Matambayi ba ya ɓata, kuma amsar ita ce a'a. Allah ɗaya muke bauta wa. Waliyyai bayinsa ne da suka riga mu cikawa da imani. Roƙonsu muke su yi mana addu'a, kamar yadda mutum kan ce wa dattijo mai tsoron Allah: a sa mu a addu'a.

Ga yadda abin yake a gidana. Kowane dare bayan an ci tuwo, sai a kashe talabijin, a ajiye salula, a shimfiɗa tabarma. Mu fara da alamar gicciye da addu'ar Ubanmu, sa'an nan mu ja kashi ɗaya cikin biyar na carbinmu mai ƙwaya 59. Daga nan ɗaya daga cikin yara ya karanta mana tarihin waliyyin ranar, domin kowace rana ta shekara da waɗanda ake tunawa a cikinta. Duka-duka abin ba ya wuce minti 15.

Wannan karatu na fi ba muhimmanci, saboda yaro ya fi riƙe labari bisa ga wa'azi. Ranar 3 ga Yuni mu ji na Sharl Lwanga da abokansa, samarin fadar sarkin Buganda da aka ƙone a 1886 don sun ƙi barin addininsu. Ranar 27 ga Agusta ta Monika ce, mutuniyar ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wadda ta yi shekaru tana yi wa ɗanta Agustin addu'ar shiriya har aka yi masa baftisma a shekara ta 387. Ranar 1 ga Disamba kuwa ta Sharl da Fuko ce, Bafaranshen da ya zauna cikin Abzinawa a Tamanrasat, ya tattara ƙamus na harshensu, aka kashe shi a 1916.

Amfanin waɗannan labarai ya fito mini fili a 2015. A watan Janairu na wannan shekara aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, tsoro da haushi suka cika zukatan yarana. Mako uku bayan haka, ranar 8 ga Fabrairu, kalanda ta kawo mu kan Jozefin Bakita, ƴar Darfur da aka sace tana ƙarama, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu, ta ƙare rayuwarta a Italiya a 1947 bayan ta yafe wa waɗanda suka bautar da ita. A daren nan muka yi addu'a ga waɗanda suka cinna wutar, da kuma maƙwabtanmu Musulmi da suka zo mana jaje. Abin da na kasa faɗa wa yara da bakina, tarihin baiwar Allah nan ya faɗa musu.

Ma'aikaci ya ce biro ya gajiyar da shi, ɗan kasuwa ya ce lissafi ya tsare shi. To, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko Musulmi ne kai ko Kirista, tara iyalinka da dare, ka ba su labarin mutanen kirki na addininka. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya.