Rigar kujera

A gidajen tsofaffin malaman makaranta na Sabon Garin Maraɗi, da wuya a rasa kujera mai hannu guda ɗaya wadda ba kowa ke zama kanta ba. Ta gidan wata dattijuwa, matar wani marigayi mushe, an saye ta ne kafin faɗuwar darajar sefa ta 1994, lokacin da albashin malami ke iya biyan kafinta ba tare da bashi ba. Katakonta na nan daram, amma yadin ya ƙoƙe, hannuwan sun yage, soso ya leƙo. Ƴaƴa suka ce a kai ta ga masu gyara, a ɗaye tsohon yadin, a buga sabo da ƙusa. Ta ƙi. A ganinta, wanda ya ɗaye yadin ya ɗaye gurbin da gwiwar hannun maigidan ta bari cikin shekarun da ya yi yana gyaran takardun ɗalibai. Sai ta ce a ɗinka mata riga, wadda za a sa a kuma tuɓe.

Ba ta je babbar kasuwa neman turmi ba, adakarta ta buɗe. Ta fito da atamfar da ta ɗaura bikin ƙanwarta a Tibiri, da zanen ranar mata ta 13 ga Mayu, wadda ake tunawa da tattakin matan Yamai na 1991, da wani shuɗi da surukuwarta ta Jiratawa ta bar mata. Tsohon zane ya fi sabo a wannan aiki, ko da masu shaguna ba za su so jin haka ba: ya gama zuba, ya gama ƙanƙancewa, wanki ba ya ba shi mamaki. Aibinsa guda ne, tsakiyarsa ta sha zama ta yi laushi, ƙarfinsa na gefe.

Telan unguwa ya zo da almakashi da takardar buhun siminti, ya fitar da fasalin baya da mazauni da hannuwa. Ya shimfiɗa ƙyallayen a birkice bisa kujerar, ya kama su da allurai, ya bar rarar taƙi guda da za a cusa cikin lungu don kada rigar ta zame. Hannuwan ya ninka su da yadin wandon gwanjo daga ciki.

«Inna, launukan nan ba su jitu ba,» in ji shi.

«Ɗana, masu su ma ba kullum suka jitu ba. Ɗinka.»

Kwana uku keken ya yi yana aiki. Aka yi kalmasa, aka sa maɗaurai huɗu a ƙafafu. In hunturu ya shigo da ƙurarsa, jikoki ke kwance su ranar Lahadi, a wanke rigar a shanya, kujerar ta wuni tsirara a ɗaka, ƙofa a rufe.