Kilomita 250 Don Wasan Minti Ashirin

Da muka ce za mu kwashi ɗalibai daga Kumasi zuwa Akara don wasan bindigar haske, wani uba ya tare mu: "Malam, harbi za ku koya musu?" Muka ce babu harsashi, haske ne ke taɓa na'urar jikin riga, ta ƙirga maki. Tun 1984 ake yinsa a Dallas ta Amurka.

Cikin duhun ɗakin wasan, yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba shi ya tsara wa 'yan ɓangarensa dabara, suka ci. Shekara uku muna koyar da shi, sai ran nan muka san shi. Ashe tafiya mabuɗin ilimi ce har ga malami.