Daga Malumfashi zuwa Hat Yai, ta Kabuga

Kwanan watan da ke saman wasiƙar ne ya fara ɗaure mini kai, domin mutanen Tailan da kalandar Buda suke lissafi, wadda ta ɗara ta miladiyya da shekara 543. Wata makarantar firamare ce a Hat Yai, babban birnin kasuwanci na kudancin ƙasar, kusa da iyakar Malesiya, take neman malamin Turanci kafin yara su koma aji a tsakiyar watan Mayu. Sun ga takarduna, suna so mu gana ta Zoom ranar Talata da ƙarfe biyu na rana agogonsu. Sun riga mu da awa shida, wato takwas na safe ke nan a wajenmu.

A unguwarmu sabis yana ɗaukar saƙon murya lafiya lau, amma hira ta bidiyo ta rabin awa sai wanda Allah ya so da rahama. Wuta kuwa ba a ƙulla alkawari da ita. Saboda haka ranar Litinin da hantsi na saka kwamfuta a jaka zan tafi Kano, gidan yayana da ke Kabuga, mai sola da inbata. Inna ta ce, "Kai da za a yi wa tambaya a waya, me zai kai ka Kano?" Na yi mata bayani. Ta ce, "Tailan ɗin nan, ba ita ce ƙasar shinkafa ba?" Na ce ita ce. Ta ce to, aƙalla yunwa ba za ta kashe ni ba, Allah ya zaɓa mafi alheri.

Mu huɗu aka cusa a kujerar bayan mota. Daga Dayi har Gwarzo leɓɓana ba su huta ba, ina maimaita amsoshin da na tsara: wane ne kai, me ya sa Tailan, me za ka yi da yaron da ya hana aji zaman lafiya. Dattijon da ke gefena, ɗan kasuwar hatsi, ya ɗauka lazimi nake yi, bai ce mini uffan ba sai da muka wuce Rimin Gado. Da ya ji abin da ke kai ni, ya jinjina kai ya ce, "Malam, su rasa wanda zai koya musu Turanci sai Bahaushe?"

Tambayar tasa ta kai inda ya kamata. A wannan kasuwa fasfo yakan riga mutum magana. Koriya ta Kudu, alal misali, bizarta ta malaman Turanci an gina ta ne a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu. Ɗan Najeriya da ya yi karatu da Turanci tun daga firamare har digiri ba ya cikin lissafi. Tailan ta bar ƙofa a buɗe, amma da sharaɗi: digiri, da sakamakon jarrabawa irin TOEIC ko IELTS, kuma makarantu da yawa suna son takardar TEFL ta awa 120. Albashin ma sau da yawa ba ɗaya ba ne da na Bature, ko da ajin ɗaya ne. Raina ba ya son wannan, amma sanin sa tun daga gida ya fi a tarar da shi a can.

Na sauka a Kabuga bayan azahar, na ajiye jaka, na hau adaidaita sahu zuwa kasuwar waya ta Farm Centre. Abin kunne mai makirufo na saya, mai waya, saboda marar waya caji yakan yanke masa ba sallama. Na loda data a layi biyu na kamfanoni daban-daban.

Aikin gaske da la'asar aka fara shi, kuma ɗan yayana, wanda ke aji biyu a jami'a, shi ya zama darakta. Na zaɓi falo saboda kyan labule, ya ce, "Baba ƙarami, ai ba a ganin ka." Gaskiya ya faɗa. Idan taga tana bayanka, kyamara takan auna hasken tagar, fuskarka ta koma inuwa, kuma ga mai duhun fata abin ya fi muni. Farar riga ma haka take yi. Muka koma ɗakin karatu, muka juya tebur ya fuskanci taga, na bar farar shaddar da na goge, na ɗauko kaftani shuɗi. An ɗan yi gardama a kan hula da kwat. Yaya yana ganin in sa kwat da laƙataye, ni kuma na ce da kayan da nake shiga aji za su gan ni. Aka ɗora kwamfuta a kan ƙamus biyu har idon kyamara ya yi daidai da nawa, yaron ya manna 'yar takarda kusa da shi don in riƙa kallon wurin. Wanda ya kalli fuskar mai tambaya a allo, a can sai a ga kamar ƙasa yake kallo.

Makarantar ta nemi darasin gwaji na minti goma ga 'yan aji biyu, a kan launuka. Na tara ƙananan yaran gida da na maƙwabta a tabarma, na koma ɗaya ɗakin, muka haɗu ta waya. Nan na ga abin da shekarun aji suka koya mini ba tare da na sa masa suna ba. Mu a nan muna girmama malamin da ke zuba manyan kalmomi, wanda in ya yi magana sai an nemi ƙamus. Yaro ɗan shekara bakwai ba ruwansa da wannan. Ka ɗaga jan tumatir, ka faɗi kalmar, ka kama kunnenka alamar su maimaita, ka jira. Jiran nan shi ne mai wuya, musamman ta intanet, inda murya takan makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu, mutum ya ƙagu ya cike shirun da surutu. Yaran Hat Yai da yaran Malumfashi matsayinsu ɗaya a gaban Turanci, dukansu da wani harshe suke mafarki. Wanda aka haifa a Landan bai taɓa zama a wannan benci ba. Ni na zauna, na kuma koyar da waɗanda ke zaune a kai. Na yanke shawarar in faɗi haka gobe, ba tare da neman afuwa ba.

Da asuba bayan salla aka yi dokar gida. Matar yaya ta ɗage dakan yaji, aka kai zakara bayan gida, aka roƙi mai injin markaɗe na maƙwabta ya yi mana haƙuri zuwa tara. Na shiga ɗakin Zoom kafin lokaci, na gyara sunana ya fito cikakke kamar yadda yake a fasfo.

Mata biyu ne suka bayyana, shugabar sashen Turanci da wata malama 'yar Filifin. Na haɗa tafin hannu a ƙirji irin gaisuwarsu, suka yi murmushi suka mayar. Nahawu bai ci ko minti uku ba. Abin da suka fi tonawa shi ne yawan yaran da na saba riƙewa, da yadda nake yi in ba majigi ba wuta. Da na faɗi yawan ɗaliban ajina, sai da 'yar Filifin ta nemi in maimaita. Ana tsakiyar launuka hoto ya daskare. Na koma layi na biyu, na ce musu ina dawowa daga kore, muka ci gaba da ganyen mangwaro a hannuna.

Da aka ba ni dama na yi nawa tambayoyin, waɗanda na rubuta tun a gida. Awa nawa ake koyarwa a mako? Ana biyan albashi a dogon hutun Afrilu? Wa ke ɗaukar nauyin takardar izinin aiki, kuma za su aiko da wasiƙun neman biza? Akwai damar fita sallar Juma'a? Shugabar ta ce Musulmi suna da yawa a lardinsu na Songkhla, abincin halal ba abin nema ba ne, Juma'a kuma za a duba jadawali. Ba su ambaci ko sisi da zan biya ba, wanda shi ne abin da na fi kasa kunne a kai, domin duk wanda ya nemi kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, kai ne aikin nasa.

Sun ce za su rubuto cikin mako, amma in fara haɗa takardar shaidar 'yan sanda, in kuma kai digirina a tantance a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje. Duka biyun a Abuja suke, ofishin jakadancin Tailan ma can yake. Na ci ƙosai da kunu a tsaye, na tambayi yaya nawa kuɗin mota zuwa Kaduna yanzu, da ƙarfe nawa jirgin ƙasan Abuja ke tashi daga Rigasa.