Yawon Ƙafa A Dundaye Da Barci A Ido

Akwai wata irin gajiya wadda kakanninmu ba su sani ba, shi ya sa ba su bar mana sunanta ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi wata da watanni a hanya, rana tana fito musu tana faɗuwa kamar yadda suka saba. Amma jirgin sama yakan ɗauke mutum daga wannan gefen duniya ya ajiye shi a wancan cikin yini guda. Mutum ya iso, barcinsa da yunwarsa kuwa suna can baya ba su iso ba tukuna.

Haka ya same ni a watan Disamba, sa'ad da na taso daga Shikago ta ƙasar Amurka zuwa Sakkwato domin in ga mahaifiyata, wadda take zaune wurin ƙanena. A wannan wata sa'a 7 ke tsakanin garuruwan nan biyu. In ƙarfe 10 na dare ya yi a Sakkwato, gida ya yi tsit, jikina yana cewa ƙarfe 3 ne na yamma. In gari ya waye kuwa, ƙarfe 7, a wurinsa tsakar dare ne. Likitoci sukan ce jiki yana bukatar wajen kwana ɗaya domin kowace sa'a ta bambanci, mai zuwa gabas kuma ya fi mai zuwa yamma shan wuya. Ni kuwa kwana 10 kaɗai nake da su. Inna tana tashi da asuba, ta kwanta bayan isha'i, kuma da safe ne hankalinta ya fi kasancewa tare da mu. In na bar barci ya yi yadda ya ga dama, sai kwana 7 su wuce, tana farke ina barci, ina farke tana barci.

'Yata ma'aikaciyar jinya ce, ita ce ta ba ni shawara kafin in taso. Ta ce, "Baba, hasken rana ne maganin. Amma kada ka fita da sassafe a kwanakin farko, gama jikinka zai ɗauka hasken dare ne, ya ƙara jan barcin baya. Ka bari sai rana ta take, ka fita, ka yi ta tafiya, kada ka zauna." Dalilinta mai sauƙi ne. Ƙarfe 12 na rana a Sakkwato ƙarfe 5 ne na asuba a Shikago. Hasken da ya shiga ido daga nan zuwa la'asar, shi ne jiki yake lissaftawa wayewar gari.

To, ina za a tafi? Sakkwato ba ta rasa wuraren gani ba. Ga Hubbaren Shehu, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, ga fadar Sarkin Musulmi, ga tsofaffin unguwannin birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Amma waɗannan wurare ne masu daraja, ba a zuwa musu ana hamma. Lungunan tsohon gari kuma inuwa ce da kwana-kwana, mai gyangyaɗi ba zai tuna ta inda ya shigo ba. Babbar kasuwa fa? A can babura da keke Napep ba su san ka kwana biyu ba ka runtsa ba. Mai barci a ido ƙafarsa tana da nauyi, kunnensa yana jin ƙaho a makare.

Ɗan ƙanena, wanda yake karatu a jami'a, shi ya ce mu tafi Dundaye. Na yarda nan da nan. Dundaye yana bayan gari, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, maƙwabcin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. An kafa jami'ar a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, a 1988 aka sa mata sunan Shehu. Hanyar da ta tafi can ta ratsa fadamar gulbin Rima ta wajen Kwalkwalawa, inda ambaliyar 2010 ta cinye hanya ta raba jami'a da gari. Wurin fili ne, sararin sama a buɗe, ba dogon gini da zai tare maka rana. Ko ina ka juya kana iya komowa kan babbar hanya. Ga shi kuma ina da ɗan rakiya wanda fuskarsa sananniya ce a wurin, gama a zamanin nan baƙo ba ya kutsa kai cikin ƙauye shi kaɗai.

Muka sauka daga mota wajen ƙarfe 1. Hazon hunturu ya rage wa rana kaifi. Da damina ta ja baya, fadama ta koma lambuna: albasa, tumatir, tattasai, da rake. A da jigo ne yake ɗebo ruwa, yanzu ƙarar injin ban ruwa ce ko ina. Muka sayi rake a bakin hanya. Ina shaida wa mai karatu, ba a iya barci ana ɓare rake da haƙori.

Abin da ya fi taimakona kuwa, 'yata ba ta ambace shi ba, wato gaisuwa. A Shikago kana iya yin tafiyar sa'a guda ba wanda ya ce maka uffan. A Dundaye ba a wuce dattawa a gindin itace haka kawai. Ka yi sallama, ka rusuna, a tambaye ka gida, da iyali, da gajiya, da sanyi. Wani tsoho ya dubi idona ya ce, "Malam, lahiya? Ko ba ka kwana ba?" Yaron ya bayyana masa daga inda na fito, ya ce, "Baba yana nan tare da mu, amma barcinsa yana Amurka." Tsohon ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya sa aka kawo mini ruwa. Bai tambaye ni addinina ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Sa'an nan na lura gaisuwarmu agogo ce. Da muka iso ana ce mana barka da rana. Da inuwa ta miƙe sai ta koma barka da la'asar, kafin mu juya ta zama barka da yamma. Kowane mutum da ka gamu da shi yana faɗa maka lokaci, kai ma dole ka amsa masa da bakinka. Ban ce wannan ya kai hasken rana ƙarfi ba, amma mutumin da ya amsa "ina wuni" sau 30 yana da wuya ya ci gaba da gaskata cewa safiya ce.

Muka koma gida kafin magariba, ƙafafuna sun yi fari da ƙura. Daren nan barci ya zo wajen ƙarfe 1, maimakon 4 na daren da ya wuce. Kashegari muka sake zuwa, muka fita da wuri kaɗan, muka bi ta wajen masu sayar da kifi. Haka muka yi kwana 3, kowace rana muna matso da lokacin fita.

Ran kwana na 5 na tashi ƙarfe 6 da rabi ba wanda ya tashe ni. Na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta, ta lulluɓe da mayafi saboda sanyi, ana dama mata kunu. Ta ce, "Au, yau ka iso ke nan?" Ta matsa mini gefen tabarma, ta soma ba ni labarin waɗanda suka yi aure da waɗanda suka rasu tun zuwana na ƙarshe.