Da'irar da Malam Bai Zana Ba

Tun da asuba motar ta bar Daura, ta bi ta Mashi ta nufi Katsina, ɗauke da 'yan wasan ƙwallon gora 11 da malaminsu. Ba ƙwararru ba ne. Ɗalibai ne da suka koyi riƙon gora a wani fili mai rairayi a bayan makaranta, inda duwatsu biyu ke zaman raga.

Ana daf da tashi, ba wanda ya ci wani, sai ƙaramin cikinsu ya maka ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ta wuce mai tsaron gida ta faɗa raga. Yara suka ruga suna rungumar juna. Alƙalin wasa ya girgiza kai, ya nuna musu farin layin da ya kewaye bakin raga. A dokar wannan wasa, ba a lissafa ci sai mai kai hari ya taɓa ƙwallo a cikin wannan rabin da'ira, mai nisan kusan mita 15 daga raga.

Malam ya san dokar sarai. Zana layin ne a filinsu kullum yake cewa sai gobe. Yaron ya waiwayo ya dube shi, bai ce uffan ba.

Da suka koma Daura, Malam bai shiga gida ba sai da ya aika a nemo masa igiya da toka.