Manyan Ƙafafu da Giyar Babur

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar masallacin Sabo bayan sallar Azahar ya san takalmanmu, don su ne ba mai ɗauka bisa kuskure. Lamba 45, lamba 46, wani ma har 47. Ana yi mana dariya, mu ma muna darawa. Amma ga waɗanda muke cin abinci da okada a garin nan na Ibadan, girman ƙafa ba abin wasa ba ne.

Yawancin mashinan da muke hawa, irin su Bajaj Boxer, giyarsu baki biyu ce: ƙarfe guda, gaba ka taka da yatsu, baya ka taka da diddige. Dabara ce mai kyau, musamman ga mai silifa, tunda ba sai ka cusa yatsa ƙarƙashin ƙarfe ka ɗaga ba. Sai dai tazarar da ke tsakanin bakunan biyu ta matsakaiciyar ƙafa ce. Tamu in ta sauka kan mataki, yatsu na bisa na gaba, diddige na bisa na baya, ba wurin hutawa.

To, ka ɗauko fasinja daga Dugbe, ga cunkoso, ga hawan Mokola, ka faɗa rami, diddige ya danna giya ba da niyya ba. Mashin ya yi tsalle, ko ya shaƙe a tsakiyar motoci. Akwai ranar da ɗaya daga cikinmu ya kusa zubar da wata uwa da goyonta a haka. Ya dawo majalisa jikinsa na rawa, ko shayi bai iya sha ba. Wasunmu kuma, don gudun haka, sukan karkace ƙafa waje tun safe har dare, sai idon sawu da gwiwa su ɗauka. Ga shi kwantar da ƙafa kan giya yana cinye kayan cikin inji a hankali.

Da yawa cikin fushi suka kai wa mai walda ya yanke bakin baya. Kwana biyu sai ga kanta a bayan babban yatsa, silifa kuma ta tsinke. Wani dattijon bakanike a unguwa ne ya ce mana, "Yarana, wanda ya ƙera ƙarfen nan bai auna ƙafarku ba. Ku auna masa."

Abin da muka koya ke nan. Ƙarfen giya a kan haƙora yake zaune, ƙusa ɗaya ke riƙe shi. A kwance, a juya shi haƙori ɗaya, a gwada. Amma a tuna, in baya ya sauka, gaba zai ɗago. In bai isa ba, a cire ƙarfen gaba ɗaya, mai walda ya ƙara wa bakin baya tsawo. Kada a yarda a yi walda yana jikin inji, domin zafi na ƙona robar da ke tare mai, gobe ka ga baƙin mai na ɗiga. Sannan a sa takalmi rufaffe.

'Yan'uwa masu ba da mashin haya, in yaro ya ce giya na damunsa, a saurare shi, ba raki ba ne. Kuɗin gyaran bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa mu koma ga iyalanmu lafiya.