Abin da ban faɗa wa takardar tambayoyi ba

Malamin jami'a ya fi kowa iya tsara takardar tambayoyi, ya kuma fi kowa iya ɓuya a bayanta. Na raba wa mutane, ni ma an miƙo mini, don haka na san abin ta ciki da waje.

Duk wanda ya yi digiri na biyu a tsangayar ilimi ya san kayan aikin. Akwai ma'aunin Rensis Likert, Ba'amurken da ya fito da shi a 1932: a rubuta jimla, a jera zaɓi daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", mutum ya zaɓi ɗaya. Da shi muke auna ra'ayin malami game da aikinsa. Ta fuskar gajiya kuwa, akwai wanda Christina Maslach da Susan Jackson suka wallafa a 1981, mai tambayoyi 22, da ke leƙa abu uku: ƙarewar kuzari, da daina ganin mutuncin waɗanda kake yi wa aiki, da jin cewa wahalarka ba ta tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin abin da aiki ke jawowa, ba cuta ba. Ba ni da ta cewa a kan ma'aunan nan. Maganata a kan mai riƙe da biro take.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, aka dakatar da shi ranar 14 ga Oktoba, albashi kuma a tsaye. Da muka koma, sai aka cukuikuye zangon karatu, lakca na bin jarrabawa, jarrabawa na bin lakca. A wannan tsakanin wata ɗaliba ta yi sallama a ofishina. Damman takardun jarrabawa ɗaure da kyauro sun cinye teburin, fanka ta tsaya cak, wayata na ta ruri, mai shagon da ke bin mu kuɗin shinkafa ne.

"Malam, don Allah a taimaka mini da cike wannan. Ba sai an sa suna ba."

Na karɓa. Wata tambaya na son sanin sau nawa nake tashi da safe a gajiye in na tuna aikin da ke jirana. Amsar ita ce kullum. Na zaɓi "jefi-jefi".

Dalilin farko a shafin farko yake. Ba suna, gaskiya ne, amma akwai sashe, da muƙami, da shekaru, da jinsi. A sashe mai malamai 'yan kaɗan, ai an gama faɗin suna. Mai duba kundin yarinyar kuma yana cikin masu zama a kan takardun ƙarin girmana. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Ta yaya malami zai rubuta wa ɗalibarsa cewa ya gaji da ɗalibai? Mahaifina a bakin garma ya tsufa, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ni da ke zaune kan kujera, ana ce mini Dakta, da wane baki? An tarbiyyantar da mu a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In yau aka sake miƙo mini takardar hannu da hannu, ba na jin amsata za ta sauya.

Da muka yi namu binciken ni da wani abokin aiki, sakamakon ya fito sumul: malamai na son aikinsu, matsin da suke ciki matsakaici ne. Mun bi al'adar da ta zama ruwan dare a kundayen ɗalibanmu, wato zaɓi huɗu, a cire na tsakiya, duk jimlar da matsakaicin makinta ya kai 2.50 an amince da ita. Lissafi bai da aibi. Sai dai na san waɗanda suka dawo da takardar, na san waɗanda ba su dawo da ita ba. Jami'in jarrabawa na sashenmu, wanda kan kwana a ofis lokacin haɗa sakamako, cewa ya yi ta shige cikin takardu. Malamar da ke shayarwa tana kuma rubuta kundin digiri na uku haƙuri ta ba ni. Waɗanda suka tattara suka tafi Saudiyya ko Ingila ba sa cikin lissafin ma. Masu sarari ne suka amsa, muka rubuta amsarsu da sunan kowa.

Son aikin da suka ce suna yi ba ƙarya ba ne, abin da ke rikita mai karanta rahoto ke nan. Ni kaina in na shiga aji na ga yaro ya gane abin da ya shige masa duhu, sai in manta da mai shago. So da gajiya na zama a ƙirji ɗaya. Amma mai iko layin farko yake karantawa ya rufe fayil.

Tun daga nan na rage tambayar abin da mutum ke ji, na koma tambayar abin da ake ƙirgawa. Kwasa-kwasai nawa kake koyarwa? Mutum nawa ne a ajinka mafi girma? Kundi nawa ke hannunka? Ƙarfe nawa ka kwanta jiya? Yaushe rabonka da awon jini? Ba wanda ke jin kunyar adadi, kuma akwai abin kwatantawa, tunda ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i, NUC, a fannonin adabi da zamantakewa malami ɗaya ne ga ɗalibai 30. Wani farfesa da ya gama ce mini lafiya ƙalau, da ya iso tambayar hutun shekara, sai ya cire tabarau ya yi dariya. "Dakta, ana kuwa yin wannan abin har yanzu?"

Ɓangare na biyu na ma'aunin Maslach ne ya fi ci mini rai, domin shi mutum ba ya ganinsa a jikinsa. Wata rana na ji kaina ina tambayar yaro lambarsa, alhali zango biyu yana zama a layin gaba. Wannan ba malami ake tambaya ba. Ɗalibaina masu son auna shi nakan tura su wajen ɗalibai 'yan'uwansu, su tambayi ko malamin ya san sunansu, da ko yakan ɗago kai in sun shiga ofis. Takardun malamai kuwa a akwati rufaffe ake jefa su, ba gurbin sashe, ba na muƙami.